Safar Mutanen Daji

Keken saƙar ya shigo gidan Malam Rabo ne ta hanyar da yawancin alheri ke shigowa Ƙanƙara, wato gab da zaɓe. An tara mata a filin wata makarantar firamare, aka zaunar da su a rana, aka yi ta jawabi a kan dogaro da kai har wasunsu suka fara dogara da bango. Daga nan aka miƙa wa kowace kwali guda, aka ɗauki hoto, manyan baƙi suka faɗa mota don kada la'asar ta riske su a hanya. Yawancin matan ba su kai kwalin gida ba, domin masu saye na tsaye a ƙofar makarantar tun kafin a buɗe taron da addu'a. Zulaihatu matar Rabo ta kai nata gida. Kada a ce hangen nesa gare ta. Tayin da aka yi mata ne ya yi kama da zagi, ita kuwa mace ce mai riƙo.

Wata mata 'yar Funtua da ke aure a unguwarsu ta koya mata hular jarirai da rigar sanyi, daga baya ta koya mata safa. A safa hannun Zulaihatu ya faɗa. Takan ɗaure keken a kan teburi a barandar ɗakinta, allurai a jere kamar haƙoran mataji, ta sarƙa ulu, ta rataya ƙarfen da ke ja wa saƙa nauyi, sannan ta riƙa tura kan keken dama da hagu, ƙarrr, ƙarrr, har maƙwabta suka daina jin ƙarar. Miƙaƙƙen wuri kowa na iyawa. A dunduniya ake gane masaƙiya. Nan ne takan janye allura guda a kowane gefe, layi bayan layi, har saƙar ta tsuke, sannan ta riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, sai ga aljihun dunduniya ya fito kamar a ƙafar mutum aka gwada. In ta sauke, sai ta haɗe bakin da allurar hannu, ta kwantar da ɗinkin a gefe, inda ba zai ciji ƙafa ba. Iyayen 'yan makaranta suka san ta. Masu suna suka san ta. Ba arziki ba ne, amma gishiri da ashana sun daina jiran aljihun maigida.

Shi Rabo ɗan awo ne, yana sayen masara da waken suya a kasuwar 'Yankara yana kawowa gari. Da damina ta yi tsakiya aka tare motarsu a hanyar dawowa, aka sauke duk wanda ke ciki, aka shige daji da su.

An bi hanyar da kowa ke bi. Aka sayar da gonar Pauwa da masarar da ke tsaye a cikinta, aka sayar da shanun huɗa, dangi suka yi karo-karo, aka kai. Mutanen daji suka karɓa, suka ce wannan na abincin da ya ci ne. Babu wanda ya yi mamaki. A wannan yanki an san biyan farko gaisuwa ce. Aka sake zagaya dangi, har da waɗanda ba a gaisawa da su tun rabon gado, aka sake kaiwa. Suka ce saura kaɗan, a jira waya.

Mai kai saƙon Mani ne, ɗan acaɓa mutumin Sabuwa, wanda sana'arsa ta koma shiga daji da kayan mutane. Babu mai son a gan shi tare da Mani, kuma babu gidan da ba a ajiye lambarsa ba. Ran da zai sake komawa, aka haɗa wa Rabo garin rogo da ƙuli-ƙuli da maganin zazzaɓi. Zulaihatu ta ji daga bakin wani da aka sako cewa takalma ake fara ƙwacewa, don kada ƙafa ta raya wa mutum gudu. Ta kuma san mijinta mai faso ne. Ko a gida, kan katifarsa, dunduniyarsa kan tsage har ta yi jini. Sai ta zauna ta saƙa masa safa da ulun da ya fi kowanne kauri, shuɗi mai duhu, ta ninka dunduniyar, ta tura ta ƙarƙashin garin rogo. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ta cika zumuɗin miji.

Wayar ta zo da hantsi, kwana kaɗan bayan haka. Mas'ud ƙanin Rabo ne ke riƙe da ita kullum, shi da ya yi karatu har ya gaji, aka ga tunda ba shi da aiki ya dace da magana da 'yan bindiga. Ya shigo tsakar gida da sauri, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Hajiya Nana, uwar su Rabo, ta ajiye tsintar shinkafar da take yi. Zulaihatu ta tsaya a bakin baranda.

Mai magana Bilya ne, shugaban waɗanda ke riƙe da Rabo. Muryarsa ba ta fi ta ɗan sakandare ba.

"Kai ƙanin mutumen nan. Wa ya yi safar ga?"

Mas'ud ya dubi uwarsa, uwar ta dube shi. "Wace safa, ranka ya daɗe?"

"Wadda ke ƙahwata. Kar ka raina mani wayau."

Zulaihatu ta matso. "Ni ce, ranka ya daɗe." A shekaru ta haifi Bilya ko ta kusa, amma wayar nan ta koya wa gidan ladabi irin wanda makaranta ba ta koyarwa.

"Ke ce Hajiyar tasa? To wallahi kin iya. Ta kasuwa kwana biyu ta hudo, kuma ta riƙa zamewa cikin takalmin ruwa. Wannan kau ta zauna daram. Yarana duk ƙahwahunsu sun ruɓe da ruwa. Ki yi ma kowa tasa. Mani ya san yawanmu. Ran da ta iso, ku zo ku ɗauki tsohonku, ya ishe mu da tari."

Ya kashe wayar. Hajiya Nana ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. An nemi babur a wasu gidajen, an nemi buhunan shinkafa, an nemi abin da ba a faɗi. Su ga shi an nemi safa. Har Mas'ud ya samu bakin tsokana, karo na farko tun da aka ɗauke wansa.

"Matar yaya, ashe ke ce gwamnatin gidan nan ba mu sani ba."

"Ka je Funtua ka sawo mini ulu, ka bar ni da iya shege," in ji ta. Amma ta yi murmushi.

Ta saƙa tun daga sallar safe har rana ta yi sanyi, kullum, kafaɗarta ta dama ta riƙa zafi kamar an ɗora mata garwashi. Ta mayar wa masu suna da ulunsu. Ta ba iyayen 'yan makaranta haƙuri. Da adadin da Mani ya faɗa ya cika, ta jera su a tabarma, baƙaƙe ƙirin, kowace da 'yar'uwarta, ta fara ɗaurewa.

Hajiya Nana ta zo ta tsaya a kanta. Tsohuwar tun tana amarya take sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma a tsawon ranta ba ta taɓa sallamar mai saye ba tare da ta ɗora masa wani abu a kai ba.

"Ina gyara?"

"Gyara kuma, Hajiya?"

"Ke ɗiyar nan, haka za ki aika ma mutane abu cif-cif, kamar mai biyan haraji? Ko ƙosai kika saya ai a jefa miki ɗaya. Mai neman alfarma ba ya kai daidai. Ki ƙara masu. Shi babban nasu kuma ki yi mashi ta daban, mai ado, ya san an girmama shi. Gyara na sanyaya zuciya."

Mas'ud ya ce shi dai a ganinsa a kai abin da aka ce. Uwar ta tambaye shi ko akwai abin da ya taɓa sayarwa a duniya ban da lokacinsa. Zulaihatu ma, gaskiya, maganar ta shige ta. Haka aka rene ta. Kwanon da aka kawo maka abinci ba a mayar da shi wayam, kuma wanda ke riƙe da wuyanka ba a yi masa ƙoro. Ta sake zama, ta ƙara wasu da yawa a kai. Ta Bilya kuwa ta yi mata ja da fari a wuya, layi biyu, ta lanƙwasa bakin ciki yadda ba zai saki ba. Ita kanta da ta ɗaga safar ta duba, sai da ta ji daɗin hannunta.

Mani ya tafi da buhu. Ya dawo da buhun a naɗe, shi kaɗai.

Washegari Bilya ya kira, cikin fara'a. "Hajiya! Kai, Allah shi yi albarka. Mun ce kaza, kin aiko da hiye da haka. Ashe abin ba ya yi maki wuya."

"Ranka ya daɗe, maganar Malam..."

"Yana nan, lahiya lau. To ga abin da ya hwaru. Rarar da kika aiko na ba mutanen wani maigidana da ke gaba da mu, can wajen Ruwan Godiya. Yanzu sauran yaransa sun ce su ma. Shi kuma ya ga mai jan wuyan nan a ƙahwata, ya ce in ban kawo mashi irinta ba mun ɓata. Kin ga ai ba ni saɓa mashi. Wannan kawai, sai ku ɗauki mutuminku."

Hajiya Nana ta koma ɗaki. Ita ta fi kowa sanin amfanin gyara a kasuwa. Ana yin ta ne don mai saye ya dawo. Ya kuwa dawo.

Haka damina ta ƙare. Aka yi girbi a gonar Pauwa, wanda ya saye ta ya aiko wa Hajiya Nana ɗanyar masara don zumunci. Kowane buhu Mani ya kai, sai waya ta biyo baya da yabo da sabon dalili. Wani ya yi aure. Wasu baƙi sun zo daga yamma. Sanyi ya kusa, a yi masu tsawo har gwiwa. Wani lokaci akan ba Rabo wayar, ya ce, "Lafiya lau nake, ku yi ta addu'a," da muryar mutumin da aka tsaya a kansa. Sauran waɗanda aka kama tare da shi duk aka sake su, har da wani da danginsa ba su kai rabin abin da aka kai wa Rabo ba. Mutumin ya zo gidan ya yi jaje, ya ce ba a dukan Rabo, har ana ba shi shayi, yaran na ce masa mijin Hajiya mai safa. Ya faɗi haka ne don ya kwantar musu da hankali.

Mas'ud ya je wurin wani babba da ke cikin masu zaman sulhu da mutanen daji. Ya jira a zaure daga safe har azahar. Babban ya saurare shi da kyau, ya ce a gaskiya wannan labari ne mai ƙarfafa gwiwa, domin yana nuna an fara samun hulɗa tsakanin ɓangarorin biyu. Ya ƙara da cewa kada a bari jami'an tsaro su ji, don kai wa 'yan bindiga kaya laifi ne babba. Ya ba Mas'ud lemon kwalba.

Tun daga ranar Zulaihatu ta mayar da keken cikin ɗaki, ta riƙa rufe ƙofa da taga tana saƙa cikin zufa. Ƙarar dai ba ta ɓoyuwa. Maƙwabtan da suka daina jin ta da, yanzu suka koma ji. Wata da aka kashe mata ɗa a hanyar Sheme ta daina amsa gaisuwarta. Zulaihatu ba ta ga laifinta ba. Ita ma in ta tura kan keken takan ga ƙafar da za ta shiga safar, da inda ƙafar za ta taka.

Wata rana tana tsakiyar dunduniya sai ta tsaya cak. Lissafin ba mai wuya ba ne, ta dai daɗe tana kauce masa. Kowa ana sakinsa ne ran da aka tabbata gidansu ya bushe. Ita kuwa kowane mako tana aika shaidar cewa nata bai bushe ba. Ta kira Mas'ud.

"In safar ta lalace fa?"

"Kamar yaya?"

"In suka ga ba ta da amfani. Mi za su yi da shi? Ai sai su kore shi."

Mas'ud ya sosa ƙeya. Ya ce akwai hikima a ciki. Ya ce akwai haɗari kuma. Ya daɗe yana auna ɓangarorin biyu kamar yadda aka koya masa a makaranta, daga ƙarshe ya ce ita ta san keken.

Lalata aiki ya fi yi mata wuya fiye da yadda ta zata. Hannunta ya riƙa yin daidai da kansa, sai ta warware. Ta sassauta zaren har saƙar ta zama kamar komar masunta. Ta bar dunduniya ba aljihu. Ta kawo ɗinkin tsakiyar tafin ƙafa, ta yi shi da ƙulli-ƙulli kamar tsakuwa. Da ta gama ta kasa kallon tulin. Mani ya ɗaga guda ya juya ta, ya dube ta, ya mayar cikin buhu.

"Hajiya, ni dai ɗan aike ne," ya ce.

Wayar ba ta zo washegari ba, ba ta zo jibi ba. Da ta zo, babu gaisuwa.

"Ke. Ni za ki yi ma wayau?"

"Ranka ya daɗe, keken ne ya..."

"Keken uwar wa? Na aje ta farko, ga ta nan, na haɗa su. Hannu ɗaya ne, zuciya ce ta canza. Ga shi, yi magana da shi."

Aka ji motsi, aka ji numfashi. Rabo bai ce lafiya lau yake ba.

"Zulai."

"Na'am, Malam."

"Ki yi masu yadda kika saba." Ya ƙara da cewa, "Ƙafar tawa... ba ni iya takawa yanzu. A tafin suka yi. Ki yi mai kyau, don Allah."

Bilya ya karɓe. Muryarsa ta koma ta da, har da ɗan ɓacin rai irin na wanda aka ci amanarsa. "Mu muna ganin mutuncinki, Hajiya. Ba mu son irin haka. Ki sake su duka."

Ta sake su duka. Ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kowace dunduniya kamar ƙwai. Hajiya Nana ta riƙa shigowa ɗakin tana zama a gefe tana naɗe mata ulu. Tsohuwar ba ta ƙara ambaton gyara ba, Zulaihatu ma ba ta taɓa tuna mata ba. Kowace na da nata abin da za a tuna mata.

Dabarar ƙarshe ta Mas'ud ce, kuma a kan takarda ba ta da aibu. Tunda safa suke so, a ba su inda safa ke fitowa. Wanda ya mallaki rijiya me zai yi da mai ga-ruwa? Da Bilya ya sake kira, Mas'ud ya tattaro duk ladabin da ya rage masa ya shimfiɗa maganar. Keke ne, ya ce, ba wani abu ba, turawa kawai ake yi dama da hagu, ko yaro zai iya. Ga shi kyauta, da ulu, da komai. Su huta da jiran Mani.

Bilya ya yi dariya. "Kai ɗan boko, yau ka yi magana. A kawo. In ya iso, Mani ya goyo maku tsohonku a madadinsa. Na rantse."

Ya sha cewa "wannan kawai", amma bai taɓa rantsuwa ba. Gidan ya riƙe wannan bambanci da hannu biyu.

Zulaihatu ta kwance keken daga teburi. Ta goge shi da tsumma, ta ɗiga masa mai, ta kwantar da allurai, ta naɗe shi da tsohon bargo ta ɗaure da igiya. Ta zaunar da Mani ta nuna masa yadda ake sarƙa zare da yadda ake rataya nauyi, ta maimaita, ya yi ta gyaɗa kai yana kallon ƙofa. Dunduniya kam ba ta ko fara ba. Da ya ɗaure kayan a bayan babur ya tafi, ta koma ɗaki ta ga teburin fayau, da tabon ƙarfe biyu a bakinsa. Ta zaci za ta ji ciwo. Abin da ta ji shi ne kafaɗarta ta yi sauƙi.

Ranar da Mani ya ce zai dawo, aka share gidan tun da safe. Hajiya Nana ta sa aka yanka zakaran da ya rage. Aka tuƙa tuwon masara, aka kaɗa miyar kuka da man shanu, yadda Rabo ke so. Zulaihatu ta dafa ruwa da ganyen darbejiya don gasa ƙafa, ta sayo man kaɗanya, ta shimfiɗa sabon zanen gado. Mas'ud ya yi magana da wani ma'aikacin asibiti da zai zo gida ya duba shi ba tare da yawan tambaya ba. Ba a gaya wa maƙwabta ba, saboda haka duk unguwar ta sani, maza suka riƙa samun dalilin zama a dakalin ƙofar gida.

Ruwan ya huce, aka sake ɗora shi. Bayan la'asar aka ji babur ya shigo lungu.

Mas'ud ne ya fara fita. Zulaihatu ta tsaya a bayan ƙyauren zaure tana leƙe ta tsaga. Ta ga Mani ya tsaya, ya sa ƙafa ƙasa. A bayansa, inda mutum ke zama, akwai dogon abu naɗe da bargo, ɗaure da igiya. Ta ɗauka gawa ce, sai da ta gane bargon, ta gane tsawon bai kai na mutum ba. Mazan da ke dakali suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da wurin zuwa.

Mani ya shigo da keken tsakar gida a kafaɗa, ya sauke a tabarma, ya tsuguna ya gaida Hajiya Nana.

"Yana da rai," ya fara cewa, don ya san abin da ake jira. "Na gan shi da idona. Yana zaune, ya fara dafa sanda."

"To mi ya hana?" in ji Mas'ud.

"Sun kasa. Duk sun taru a kansa, kowa ya gwada. Zaren ya cukurkuɗe, wani ya sa ƙarfi, ya ji ciwo a hannu, ya bugi keken da gindin bindiga. Bilya ya ce an cuce shi, an aiko mashi da raƙumi an riƙe akala. Na ce mashi ya rantse. Ya ce ya rantse a kan keke mai yin safa, wannan kau ba ya yi."

Zulaihatu ta durƙusa ta kwance igiyar. Allurai da yawa sun lanƙwashe, wasu sun karye, ƙasa ta shiga ko'ina. Kan keken ya tsage a gefe amma yana tafiya. Ta tura shi a hankali, ya ciza, ya wuce.

"Akwai sauran saƙo," in ji Mani, yana kallon ƙasa. "Ya ce zaɓi biyu. Ko a ci gaba yadda ake yi. Ko Hajiya mai safa ta zo da kanta ta zauna ta koya ma yaransa, in sun iya a sako su tare."

Hajiya Nana ta ce, "Innalillahi." Mas'ud ya buɗe baki, Zulaihatu ta riga shi.

"Yaushe za ka koma?"

"Tsaya, Hajiya. Shi Malam Rabo ya ja ni gefe da zan taho. Ya ce in gaya maki, in kika taka dajin nan bai yahe maki ba, duniya da lahira. Ya ce in faɗa a gaban mahaihiyarsa don a samu shaida. To na faɗa."

Daga madafa ana jin ruwan darbejiya yana tafasa, babu mai sauke shi. Zulaihatu ta zauna dirshan a tabarma, hannunta a kan keken. Ta nemi wata dabara a kanta, ta zagaya ko'ina, ta tarar duk an riga an gwada.

Can Hajiya Nana ta miƙe da ƙyar, ta shiga madafa, ta fito da kwanon tuwo da na miya, naman zakara a sama. Ta ajiye a gaban Mani.

"Ci, ɗan nan. Ka sha hanya."

Mani ya wanke hannu ya fara ci, kansa a sunkuye. Zulaihatu ta zare wata karyayyar allura ta miƙa wa Mas'ud.

"Gobe ka tafi Funtua da wannan, ka nuna masu, irinta za su ba ka. Kada ka karɓi 'yar ƙarama." Ta juya wurin Mani. "Sun faɗi kala?"

Ya haɗiye lomar da ke bakinsa.

"Baƙa. Amma ta manyan a sa jan nan a wuya."